Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Malamar da Ta Kai Waƙa Har Ɗakin Mata

Duk wanda ya taso daga Kajiji ya nufi birnin Sakkwato, ya bi ta Shagari, ya ratsa Bodinga, to, ya taka ƙasar da aka rubuta waƙoƙi masu yawa a cikinta shekaru fiye da 200 da suka wuce, ko da shi bai sani ba. A Sifawa, kusa da Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana koyarwa, almajirai suna zuwa wurinsa daga nesa. A Bodinga kuwa ƙanensa Abdullahi ya kafa gidansa, a wannan zamani ne kuma, cikin 1813, ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin littafin nan Tazyinul Waraƙati. Labarin manyan mazan nan biyu sananne ne. Wadda za mu ba da tarihinta a wannan fitowa ita ce 'yar Shehu, wadda Abdullahi yake baffanta, wato Nana Asma'u. Ita ce ta ɗauki waƙar da malamai suke rubuta wa junansu a zaure, ta bi da ita ta soro, ta shigar da ita cikin gida, har ta kai ga matar da ba ta taɓa riƙe allo ba.

An haifi Asma'u a Ɗagel a shekara ta 1793, ita da ɗan'uwanta Hassan, gama tagwaye ne. Bisa ga al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta ya raɗa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana 'yar ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Bello ya girme ta da shekara 12, amma shaƙuwar da ta shiga tsakaninsu ta ɗore har mutuwa ta raba.

Gidan da ta tashi a ciki gidan karatu ne, gidan waƙa kuma. Shehu ya yi wa malamai rubutu da Larabci, amma sa'ad da yake so makiyayi ya ji shi, sai ya tsara masa waƙa da Fulatanci. Game da karatun mata kuwa, an riga an yi gardamar tun kafin a haife ta. Wajen 1786, sa'ad da Shehu yake wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da baitoci yana sukarsa a kan barin mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa, da waƙa kuma aka mayar. Gundarin amsar shi ne, barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin wa'azi muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya tsauta wa malaman da suke koyar da almajirai a waje domin neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna zaune a cikin gida ba su san kome ba. A irin wannan gida yarinyar ta koyi Alƙur'ani, ta koyi Larabci da nahawunsa, da fiƙihu, da ma'aunin waƙa. Fulatanci harshen gidansu ne, Hausa harshen ƙasar da suke zaune, ta kuma iya harshen Abzinawa. 'Yan'uwanta mata, irin su Hadiza da Maryam, su ma sun bar rubuce-rubuce.

Ƙuruciyarta ba ta yi tsawo ba. A watan Fabrairu 1804, tana da shekara 11, rikicin da ke tsakanin Jama'ar Shehu da Yunfa Sarkin Gobir ya kai inda ba gyara, sai aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. An ɗora littattafai a kan raƙuma, mata da yara suka bi a ƙasa. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, Jama'a suka yi nasara, sa'an nan suka gangaro Magabci a ƙasar Yabo, nan kusa da mu. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda marubutan Jama'a suka ce an kashe mutum wajen 2,000, cikinsu 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Daga nan sai yawo da yunwa da cuta, daga Gobir zuwa Zamfara, daga Zamfara zuwa Gwandu. Duk wannan yarinyar ta gan shi da idonta, ta ga gwauraye da marayu tun ba ta kai munzalin aure ba. Wanda ya karanta waƙoƙin makokin da ta rubuta daga baya zai gane cewa ba a littafi ta koyi rashi ba.

A 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato daga baya. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Bello kuma ya gina Sakkwato a 1809. A gidan Waziri Asma'u ta yi sauran kwanakinta, ta haifi 'ya'ya maza, babbansu Abdulƙadir shi ya gaji mahaifinsa a wazirci. Gidan nan mashigar baƙi ne. Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma komo a 1826, a hannun Giɗaɗo aka danƙa shi. Wasiƙu suna shiga suna fita, malamai daga nesa suna sauka, matar gidan kuwa tana sane da abin da duniya take ciki.

Shekara ta 1817 ta yi mata nauyi. Shehu ya rasu a watan Afrilu, kafin shekarar ta fita kuma Hassan, abokin tagwaicinta, ya bi shi. Ita da mijinta suka ɗauki aikin tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su, aiki mai cin rai a zamanin da kowane littafi sai an kwafe shi da hannu, takarda kuwa sai fatake sun ɗauko ta daga Turai ta hanyar Tarabulus, sun ratsa hamada da ita. Aikinta na fari da ya iso gare mu, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta rubuta shi a 1820, zube ne kuma. Bayan shekara biyu, sa'ad da Gobirawa da Abzinawa suka matsa wa Sakkwato har hankalin mutane ya tashi, ta tsara waƙa da Fulatanci wadda in an haɗa harufan farkon baitocinta sai su ba da ayar Alƙur'ani mai yin albishir da sauƙi bayan tsanani. Tana da shekara 29 a lokacin, malamai kuwa suka san cewa an sami gwana.

Da ta tsaya a nan, da sunanta ya shiga jerin marubutan gidan Shehu kawai, su kuwa suna da yawa. Abin da ya bambanta ta shi ne matsalar da ta hango, da hanyar da ta bi ta warware ta.

Ga matsalar. Yaƙi ya ci garuruwa, amma bai sauya zukata ba. Mata masu ɗimbin yawa daga Gobir da Zamfara da Kabi sun shigo gidajen masu nasara, da yawansu kuwa ba da son ransu ba, gama kamammun yaƙi ne, bayi da ƙwaraƙwarai. Ba daidai ba ne mu lulluɓe wannan, domin yana cikin tarihin zamanin. Matan nan Hausa suke ji, ba su jin Fulatanci, balle Larabci. Abin da suka tashi suka tarar shi ne bori, shi ne maganinsu in yaro ya yi zazzaɓi, shi ne mafakarsu in ciki ya zo da gardama. A Gobir ma akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda take shugabantar bori, mata suna jin maganarta. Su ne kuma masu goyon 'ya'yan sabuwar daula, su ne masu yi musu tatsuniya da dare. Ban da su, ga matan ƙauyuka da na rugage waɗanda ba malamin da zai je ya same su. Asma'u ta gane cewa in an bar waɗannan mata a baya, abin da mahaifinta ya gina ba zai wuce tsara ɗaya ba. Littafi kuwa ba zai kai gare su ba, tun da ba su karatu, ba su da sukunin zama a makaranta, takarda kuma ta fi ƙarfin talaka.

Waƙa ce kaɗai take da ƙafar zuwa can. Ba ta bukatar fitila, ba ta bukatar allo, gara ba ta cin ta. Mace tana iya rera ta tana kaɗi, ko tana niƙa, ko tana lallashin jariri. Ma'auni da amsa-amo kuma suna tsare ta daga lalacewa, gama in mai rerawa ta yar da kalma ɗaya, kunne zai ji baitin ya gurgunce, sai a gyara. Saboda haka Asma'u ta juya ga Hausa, tana rubutawa da ajami.

Ta fara da fassara. A 1831 ta mayar da wata waƙar Fulatanci ta mahaifinta zuwa Hausa, ita ce aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Ya kamata mu dakata kaɗan a kan wannan zaɓi nata, domin waƙar gargaɗi ce ga mai mulki da wanda ake mulka baki ɗaya. Tana jan kunnen shugaban da ke cin dukiyar talakawa, da alƙalin da ke karkata shari'a saboda toshiya, da mai ƙwace gonar wani, da mai algus a kasuwa, tana faɗa wa kowannensu abin da ke jiransa a lahira. Muddin waƙar tana cikin Fulatanci, masu mulki ne da danginsu suke jin ta. Da ta koma Hausa kuwa, sai talakan da ake mulka ya sami ma'aunin da zai auna masu mulkinsa da shi, daga bakin Shehu kansa. Matar Waziri ce ta yi wannan, ƙanwar Sarkin Musulmi. A ganinmu wannan ƙarfin hali ne, irin wanda ba a cika samunsa a gidajen sarauta ba. Ƙanenta Isa, autan Shehu, ya yi wa waƙar tahamisi daga baya, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama ƙwar biyar, a wannan siffa ce kuma ta bazu a ƙasar Hausa.

Wata waƙar tata mai suna Sunago ta nuna irin dabararta ta koyarwa. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci 30 kacal, da Fulatanci a 1829, da Hausa kuma a 1838. Wanda ya dube ta da idon mai neman azanci zai ce jerin sunaye ne kawai. Amma malamar da ta haddace ta tana riƙe da jadawalin karatu cikakke a kanta, za ta rera baiti ɗaya, sa'an nan ta tsaya ta yi bayanin abin da ta sani game da kowace sura. Haka yawancin waƙoƙinta suke, kowane baiti kamar ƙugiya ne da ake rataya darasi a kansa.

Sa'ad da Bello ya rubuta wani littafi na nasiha da Larabci a kan salihan mata, ita ce ta mayar da shi waƙa, da Fulatanci a 1836, da Hausa a 1837, aka san ta da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta ambaci matan Annabi Muhammadu da 'ya'yansa, da waliyyai mata na ƙasashen gabas irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sa'an nan ta zo kan matan Jama'ar Shehu, waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu a bakin iyayensu. Wato ta sa matar Ɗagel a sahu ɗaya da matar Basra. Mai sauraro a ƙauye za ta fahimci cewa tsarkin rai da ilimi ba na mutanen nesa ba ne kaɗai.

Sauran aikin shi ne yadda waƙa za ta tashi daga ɗakin Asma'u ta isa ƙauye. A nan ne ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru, wajen ƙarshen shekarun 1830. A kowane gari ana zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, kalmar da ake kiran mai jan ayari da ita. Asma'u takan ba ta malfa, a naɗa jan ƙyalle a kanta. Malfar nan kuwa ba a banza aka zaɓe ta ba, gama irinta ce Innar Gobir take sawa. Matan da suka saba ganin malfa a kan shugabar bori suka wayi gari suna ganinta a kan malama, suka gane ba tare da dogon bayani ba cewa shugabancin mata yana nan, hanyarsa ce ta sāke. Jaji takan tara tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan mata waɗanda ba a kai su ɗaki ba, domin matan aure masu goyo ba su iya barin gida, ta ja su a ƙasa har Sakkwato. Sukan zo da abin da ƙauye yake da shi, hatsi, da man shanu, da zuma, da zare ko ƙyalle, Asma'u kuwa takan raba wa makafi da guragu da gwauraye. Su zauna su koyi sabuwar waƙa har ta zauna a ka, a warware musu ma'anarta, su kawo tambayoyinsu da na waɗanda suka aiko su, sa'an nan su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba.

Ba karatu kaɗai aka ɗora musu ba. Ana sa ran 'yar taru ta zama mai jinyar marar lafiya, mai taimakon mai naƙuda, mai wankan gawar mace, mai sulhunta kishiyoyi da maƙwabta. Game da magani ma Asma'u ba ta tsaya ga hani ba. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci domin malamai, a kan neman waraka ta hanyar addu'a da ayoyi. Da fari ya tsananta a shekarun 1850 kuma ta tsara waƙar roƙon ruwa da Hausa, domin mutane su sami abin da za su riƙa a bakinsu maimakon komawa ga masu bori. Ta san ba a karɓe wa mutum sandarsa a bar shi hannu wofi a kan hanya.

Ga mai son sanin ƙirar waƙoƙin, ga yadda suke. Takan buɗe da sunan Allah da yabon Annabi, ta shiga batunta, ta rufe da addu'a. Yawanci ƙwar biyu ne, a kan ma'aunan da aka aro daga waƙar Larabci, da amsa-amo guda tun daga fari har ƙarshe. A baiti na ƙarshe sau da yawa takan sa ramzi, wato kalmar da in an lissafta darajar harufanta sai ta ba da shekarar hijira da aka gama waƙar. Albarkacin wannan al'ada ne muke iya faɗin shekarun ayyukanta yau. Harshenta kuwa miƙaƙƙe ne, ba ta cika ƙawa ba. Gaskiya ne, wanda ya saba da zalaƙar makaɗan fada zai iya jin wasu waƙoƙinta sun bushe, waɗansu kuma, irin su Godaben Gaskiya ta 1842 da waƙoƙinta a kan tashin ƙiyama, suna da tsananin ban tsoro wajen siffanta azabar wuta. A waƙoƙinta na murnar nasarar yaƙi kuma ba ta sassauta wa abokan gāba ba ko kaɗan, zuriyar waɗanda aka ci da yaƙi kuwa suna da ikon jin su da wani kunne dabam. 'Yar zamaninta ce, 'yar gidansu kuma, ba mu ce ta wuce wannan ba.

Amma inda zuciyarta ta fi fitowa fili shi ne waƙoƙin makoki, a nan ne kuma muke ganin ta kai gwanayen kowace ƙasa. Ta yi wa baffanta Abdullahi makoki da ya rasu a Gwandu a 1829. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, inda ta kwatanta kanta da ɗan tsakon da ya rasa uwa, ta kuma sāke tsara wata waƙar a kan halayensa. Abin lura a nan shi ne, ba yaƙe-yaƙensa ta fi ɗaukakawa ba, sai iliminsa, da adalcinsa, da gudun dukiyar jama'a, ta bar wa sarakunan da suka biyo bayansa madubin duba kansu. Ta yi wa mijinta Giɗaɗo wajen 1850, ta yi wa aminiyarta A'ishatu, matar Bello, a 1855.

Waɗannan manya ne, kowane marubucin zamanin zai iya yi musu waƙa. Asma'u kuwa ta yi wa waɗanda ba mai tunawa da su. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai haƙuri da sada zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda take zuwa wurin mai naƙuda ko da tsakar dare, take wanke gawa ba ta jiran lada daga hannun mutum. Ta yi wa kawunta Na'inna, mutumin da bai riƙe wata sarauta ba, sai dai kirki da son zaman lafiya. Ta kuma yi wa jajinta Hauwa'u a 1858, ta tuna yadda matar nan take kan hanya da rani da damina, da kaka da hunturu, tana kawo mata ɗalibai, a cikin waƙar kuma ta yi addu'a domin dukan matan da suke tahowa tare da ita. Da ba domin waƙoƙin nan ba, da sunayen waɗannan bayin Allah sun bi iska. Tarihin ƙasarmu cike yake da sunayen sarakuna da mayaƙa, sunan ungozoma kuwa da wuya a same shi a rubuce, sai a wurin Asma'u.

Kada a ɗauka cewa saukowarta wurin talakawa ya rage mata daraja a wurin masana. Sa'ad da wani malami daga ƙasar Shingiɗi, a Muritaniya ta yau, ya sauka a Sakkwato, da waƙar Larabci ta yi masa maraba, shi kuma ya mayar mata da waƙa yana girmama iliminta. Ta ga zamanin Shehu da na Bello, da na Abubakar Atiku, da na Aliyu Babba, har zuwa na Ahmadu Atiku, da ta tsufa kuwa ta zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka taka hanyar Gudu da ƙafarsu. Tun a 1839 ta riga ta tsara labarin hijirar da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya cikin waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda aka mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye, domin jikokin da ba su gani ba su ji. Ba ta ajiye alƙalami ba har kusan ƙarshe, gama a 1861, tana da shekara 68, ta tsara Dalilin Samuwar Allah da Hausa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato, kusa da kabarin mahaifinta. Ƙanwarta Maryam, wadda ita ta koyar da ita, ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayan Maryam kuma Ta Modi ta ɗauka. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sun sauya sarauta da haraji da shari'a, amma ba su lura da tsofaffin matan da suke bin hanya da malfa a ka ba, aikin kuwa ya ci gaba a ƙarƙashin mulkinsu.

Takardunta sun tsira a gidan Waziri. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, shi ma marubucin waƙa, ya adana su har rasuwarsa a 1997, shi ne kuma ya buɗe su ga Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato. Ta wallafa tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a Amurka a 1997, ayyuka wajen 60 cikin harsuna uku. Ta haka sunanta ya shiga jami'o'in duniya, makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai kuma suna ɗauke da shi a garuruwa da dama na Arewa.

Hanyar da ta bi ta koyarwa da waƙa ba ta tsaya ga addini ba. A nan ƙasarmu, marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, kafin ya shiga siyasa har ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su haddace garuruwa da koguna da tarihin ƙasarsu ta hanyar rerawa. Dattawan da suka yi makaranta a wancan zamani, in an ja su da hira, waɗansunsu sukan kawo baitocinta da ka har yanzu. A Hubbare kuwa mata suna zuwa ziyara daga ƙauyuka har wa yau, su tsaya a wajen ɗakin da Asma'u take kwance, su yi addu'a, su ajiye sadakarsu, su kama hanyar gida.